Rajistar Asibiti Ba Ta Zuwa Ruga

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake karanta shi tun ina ɗalibi kuma nake ganin girman alƙalaminsa, ya fitar da maƙala kwanan baya a kan bugun zuciya. Abin da ya tunzura shi, in ji shi, shi ne yawan labaran da ake kwaso mana daga Amurka cewa baƙar fata ba ya samun irin kulawar da farar fata ke samu idan jijiyar zuciyarsa ta toshe. Ya ce kukan gidan wasu ne muka ara muke yi. A nan duk launinmu ɗaya, likita baƙi, majinyaci baƙi. Ciwon ma na masu kuɗin birni ne, masu cin maiƙo suna kwana cikin sanyin na'ura. In kuwa an ga wata ƙabila ta fi wata mutuwa, to a duba jininta ko al'adarta. Ya rufe da gargaɗi: a ƙasar da ƙabilanci ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, kada a buɗe masa ƙofar ɗakin jinya.

Malam, gargaɗinka ya shiga kunnena, zan dawo kansa. Sauran maganar ce ban karɓa ba, kuma dalilina na farko ba daga littafi na samo shi ba.

Mahaifina yana da amini Bafulatani da muke kira Baffa, wanda ya yi shekaru yana haɗa 'yan shanunmu da nasa a wani mashekari bayan gonakin Danwarai. Siriri ne, ba ya shan taba, bai san kujerar ofis ba. Duk abin da maƙalarka ta ce yana kare mutum, Baffa yana da shi. Wani dare cikin damina, bayan sallar isha, ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Gumi ya karyo masa, ya yi amai, ciwon ya bi kafaɗar hagu har muƙamuƙi. Aka ba shi jiƙo, aka jira gari ya waye, don ba mai kabu-kabun da zai shiga wannan laka da dare. Da safe aka goyo shi zuwa kemis. Mai kemis ya ji an ce saman ciki da amai, ya miƙo maganin olsa. Sai da rana ta yi tsaka, ciwo bai lafa ba, sannan aka wuce da shi asibiti.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don abin da ya faru a can yana iya faruwa a goma irinsa. Likitan da ke bakin aiki ranar ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, yaro mai ƙwazo, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Shi kuwa Baffa Hausarsa ta kasuwa ce: yana cinikin bijimi da ita, yana rantsuwa da ita, amma bai taɓa kwatanta ciwo da ita ba. Ɗansa ya zama tafinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wata ma'aikaciya ta ɗauka daga Hausa zuwa Turanci. Ciwo ya ratsa harsuna uku kafin ya isa kunnen likita, kuma a kowace gaɓa yana zubar da wani abu. Ga kuma pulaku, dattijon Bafulatani ba zai yi raki gaban ɗansa ba. Aka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Na'urar da ke zana motsin zuciya a takarda, wadda ma'aikata ke kira ECG, ba ta aiki a ranar. Aka rubuta olsa, aka ƙara masa ruwa leda ɗaya, aka sallame shi. Dare na biyu ya cika a bukkarsa, kafin azahar an rufe shi.

Shekaru bayan haka na ba wani likitan zuciya labarin, ya ce ko ɗalibi ya ji waɗannan alamu a jere ECG zai fara nema. To amma takardar da ke akwai olsa ta ce, kuma ita ce za ta shiga lissafi in har an yi lissafi. Ka lura, Malam, a duk tafiyar nan ba wanda ya ƙi Baffa don Bafulatani ne. Ko harara ba a yi masa ba. Amma inda yake kwana, da harshen da yake mafarki da shi, da yadda aka rene shi ya haɗiye ciwo, duk daga Fulatancinsa suka zo, kuma su suka cinye masa awowin da ake ceton rai a cikinsu.

Awowin nan su ne ƙashin bayan zancen, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. Zuciya tsoka ce, tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke shayar da ita jini. Kitse yakan taru a bangon jijiyar shekara da shekaru mutum bai sani ba, wata rana ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Duk wanda ya taɓa noman albasa a Aliero ya san abin da ke samun fangalin da aka datse wa ruwa cikin zafin bazara: in an buɗe da wuri ya farfaɗo, in an makara ko kogi aka juye masa ya riga ya tafi. Shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya take da tsauri. A yi wa mai ciwon ƙirji ECG cikin minti 10 da isowarsa. In asibitin yana da ɗakin da ake zura siririn bututu ta jijiya a buɗe toshewar, a buɗe cikin minti 90. In ba za a iya kai shi irin wannan ɗaki cikin awa 2 ba, a yi masa allurar narkar da gudan jini cikin minti 30. Bayan awa 12 allurar ba ta da wani amfani na a zo a gani. Baffa ya ga likita bayan kusan awa 16.

Yanzu mu leƙa Amurkar da ka ce kukanta muka ara. Ka kafa hujja da binciken da Kevin Schulman da abokan aikinsa na Jami'ar Georgetown suka buga a 1999, kuma a nan kana da gaskiya, ba zan hana ka ba. Sun nuna wa likitoci 720 bidiyon 'yan wasa da ke kwaikwayon masu ciwon ƙirji, baƙaƙe da farare, maza da mata, kalamansu iri ɗaya. Jaridu suka yi ta shela cewa tura baƙaƙe gwajin jijiyoyin zuciya ya gaza na farare da kashi 40 cikin 100. Da aka koma kan alƙaluman sai aka ga kusan kashi 85 na baƙaƙe aka tura, na farare kusan 91, kuma tazarar a kan mata baƙaƙe ta taru. An zuzuta, haka ne. Sai dai ka rufe littafin a nan, alhali shafukan da suka shafe mu suna gaba.

A 2001 masu bincike a Jami'ar Yale suka duba takardun tsofaffi kusan 40,000 da bugun zuciya ya kwantar, dukkansu ƙarƙashin Medicare, inshorar gwamnati ta waɗanda suka kai shekara 65. Baƙaƙe sun fi ƙarancin samun gwajin, ko likitansu fari ne ko baƙi. Wannan kaɗai ya isa ya girgiza maganarka ta likita baƙi, majinyaci baƙi. A 2004 Elizabeth Bradley, ita ma daga Yale, ta auna mintuna: daga shiga ƙofar asibiti zuwa buɗe jijiya, fari yana jiran minti 103, baƙi 122. Da ta duba ko wane asibiti aka kai kowa, sai ta ga kusan sulusin tazarar daga nan yake, ga 'yan asalin Latin Amurka ma kusan kashi uku cikin huɗu. Shekara guda bayan haka Jonathan Skinner na Dartmouth ya bi majinyata sama da miliyan ɗaya, ya tarar a asibitocin da baƙaƙe suka fi yawa kusan kashi 24 ke mutuwa cikin kwana 90, a waɗanda ba baƙi ko ɗaya kuma kashi 20. Baturen da tsautsayi ya kai asibitin unguwar baƙaƙe, shi ma haɗarinsa hawa yake.

Me ke kai baƙi asibitin da ya fi rauni? Ana kai mutum inda ya fi kusa ne, shi kuma yana zaune inda tarihi ya zaunar da kakanninsa. Har tsakiyar shekarun 1960 akwai asibitoci a kudancin Amurka masu ɗakin farare dabam, na baƙaƙe dabam. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da kuɗin Medicare da suka fara fita a 1966 ne suka karya wannan. An cire allon ƙofa, unguwanni suka zauna inda suke. Ban ce son zuciyar likita ba ya cikin lissafi ba, rahoton da cibiyar nazarin likitanci ta ƙasar ta fitar a 2002 ya ambace shi ƙarara. Amma rabo mai yawa na ɓarnar yana faruwa ne ba tare da kowa ya ƙi kowa ba, ta hanyar nisa, da ƙofar da aka kai ka, da wanda ya saurare ka. Wannan kuwa ba sai da farar fata yake aiki ba. A jiharmu Kebbi ma yana aiki.

Batun jini an gwada shi, kuma da mu aka gwada. A shekarun 1990 Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke Chicago, tare da Charles Rotimi ɗan Najeriya, suka auna hawan jini a tsakanin mutanen da tushensu ɗaya: a Najeriya da Kamaru, a tsibiran Jamaika da Barbados da Sent Lusiya, da wata unguwar baƙaƙe a gefen Chicago. Sakamakon da suka buga a 1997 ya nuna kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran, 33 a Amurka. Kakanni ɗaya, hawan jini ya ninka. Abin da ya sauya shi ne cima, da gishiri, da ƙiba, da irin zaman da mutum ke yi. A nan gida ma likitocin Sakkwato sun auna ciwon suga a tsakanin Fulani: na karkara bai kai kashi 1 ba, na birni ya haura kashi 4. Jinin Bafulatani sauyawa yake yi ne in ya tare a Mabera cikin birni?

Al'ada kuma fa? Nan ne maƙalarka ta fi sosa mini rai, don mun taɓa shan wannan ruwan. Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko cikin watannin jego, zuciya ta saki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ba toshewar jijiya ba ne, amma maƙwabcinsa ne, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry, suna aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka bayyana shi, suka danganta shi da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Bayanin ya yi daɗin ji, ya shiga littattafan likitanci na duniya, aka yi kusan shekara 40 ana koya wa ɗalibai cewa al'adar Bahaushiya ce ke kumbura mata zuciya.

Sai Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci rajistar PEACE, wadda ta tattara mata sama da 400 daga asibitocin sassan ƙasar nan, aka buga sakamakonta a 2020. Ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, har akwai inda ya kai mace 1 cikin haihuwa 96. Amma da aka tace, wankan jego da kunun kanwa ba su fito cikin masu laifi ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Tun 1992 ma likitoci a Yamai sun lura matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini, Karaye ya sake ganin haka a Kano. Duk shekarun nan muna tuhumar tukunyar ruwan zafi, ashe tukunyar tuwo ce ba ta cika. Kuma ka san daɗin cewa al'ada ce: in ka faɗa ka huta, ba kwamishinan da za a tambaya, ba kasafin da za a duba, laifi ya koma kan kaka da ungozoma.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ciwon na birni ne, kuma a zahiri alƙaluma suna tare da kai. Babban aikin da aka yi a kan wannan a ƙasar nan daga maƙwabtanmu ya fito. Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ne ya jagoranci rajistar RACE-Nigeria, wadda ta bi majinyata 1,072 tsakanin 2013 da 2018. Matsakaicin shekarunsu 59, biyu cikin uku maza ne, kashi 13 sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 87 cikin 100 daga birane suka fito. Kai ka karanta 87 ɗin nan ka ce to kun gani. Ni na karanta shi na ce, wa ke shiga rajistar? Wanda ya isa babban asibiti da ransa, aka yi masa ECG, aka auna jininsa, ya dace da likitan da ya san sunan ciwon. Waɗanda suka iso aka ƙirga. Baffa da ire-irensa ba su iso ba.

Na yarda mazaunin birni mai tumbi da suga ya fi makiyayi haɗarin kamuwa, alƙaluman Sakkwato da na kawo da kaina sun nuna haka. Amma tambaya biyu ka haɗe wuri ɗaya: wa ciwo ya fi kamawa, kuma wa ke tsira in ya kama shi. Yana iya fin kama alhajin birni mazaunin Gesse, ya fi kashe na ruga. A ƙasar da kusan mutuwa 1 cikin 10 kaɗai ake yi wa rajista, kuma muke rufe mamacinmu cikin awowi kamar yadda addini ya koya mana, wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona sunan mutuwarsa ajali, wani lokaci a ce iska ce ta buge shi. Hawan jini kuma, wanda ke share wa bugun zuciya hanya, yanzu yana jikin kusan babba 1 cikin 3 a ƙasar nan, bai kuma tsaya inda kwalta ta tsaya ba.

Ka ɗauki mintunan can ka ɗora su a kan ƙasarmu. Mutumin Danwarai sai ya fito babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Tambuwal da Aliero zuwa Jega, ya wuce Maiyama ya nufi Yauri. Daga Jega ko dai a karya zuwa Birnin Kebbi, inda asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya suke, ko a juya Sakkwato. Ɗakunan da ake buɗe jijiya kuwa galibinsu a Legas da Abuja suke, yawanci na kuɗi, aikinsu miliyoyin naira. Minti 90 dai ba namu ba ne, ni da kai da alhajin Gesse duka. Abin da ya rage mana shi ne ECG da allura, kuma a kan wannan ɗan abin da ya rage ne ake rarrabe mu.

Wa ke zaune bakin titi, wa ke bayan fadama? Ba ƙuri'a aka jefa ba. Makiyayi yana nesa don dabbarsa tana son fili, gonaki kuma kullum ƙara tura shi suke. Bazabarme ko mutumin Nijar da ya zo ci-rani aikin albasa ba shi da dangin da za su ɗauke shi, ba shi da wanda ya sani a asibiti. Badakkare da Bakambare da yawa Hausa harshensu na biyu ne. Bahaushen ƙauye ma yana cikin jirgin nan, talauci bai tsallake shi ba. Ƙididdigar talauci ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta sa kashi 72 na mutanen karkara cikin talauci mai fuskoki da yawa, na birni kashi 42. Amma Bahaushe yana shiga asibitin Kebbi da abu guda da ba ya gani don nasa ne: in ya ce ƙirjina ke suka, ma'aikaciya ta ji shi kai tsaye. Mu masu rinjayen harshe a nan ya kamata mu fi kowa gane abin da ake faɗa wa fararen Amurka, don kujerarsu muke kai.

Sai kuɗi. Sama da kashi 70 na abin da ake kashewa a jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya, dokar 2022 ta wajabta ta ga kowa, jiharmu kuma tana da hukumarta, KECHEMA. Amma wanda ke cikin takardar albashi shi ya fara shiga, kuma takardar albashi boko take bi, boko kuwa ba a raba shi daidai tsakanin gari da ruga ba. Baffa ba matalauci ba ne, ya fi mahaifina dukiya nesa ba kusa ba. Sai dai dukiyarsa ƙafa huɗu gare ta, sai ranar kasuwa take zama kuɗi. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane irin dalili. Doka ce mai kyau, amma ba ta sa allura ta kasance a shagon magani na asibiti.

Kada kuma a ce mutanenmu ne ba sa son neman magani. Aliero ta yi suna da maɗora, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa har da ƙetaren iyaka, da karyayyar ƙafa, su yi makonni suna jinya. Wanda zai yi tafiyar yini guda don ƙashi ba ƙin magani yake ba. Yana zuwa inda ya ga ana warkewa, inda ake jin harshensa, inda ake iya sasanta kuɗi. Karaya tana ba shi wannan yinin, toshewar jijiya ba ta ba shi.

Na dawo kan gargaɗinka. Tsoronka ba na banza ba ne. A shekarun nan an zubar da jini a Arewa maso Yamma da sunan Hausa da Fulani, kalma ɗaya tana iya zama makami. Ƙidayar 1991 da ta 2006 duk sun tsallake tambayar ƙabila da addini saboda irin wannan tsoro. To shirun ya hana rikicin? Abin da ya hana mu shi ne sanin wa aka bari a baya. Rikicin kansa ma ya ƙara tazarar: Bafulatanin da yau yake shakkar shiga gari da dare kada a ɗauke shi ɗan bindiga, da mai kabu-kabun da ke shakkar shiga daji, awa nawa ke nan aka ƙara wa mai ciwon ƙirji? Abin dariya, katin asibitinmu yana da layin ƙabila, kullum ana cike shi, sannan ya kwanta cikin fayil yana shan ƙura. Gwamnati ma ta riga ta amsa wannan ƙa'ida a wani fage. A 1989 ta kafa hukumar ilimin makiyaya, don ta yarda makarantar da ke zaune wuri ɗaya ba ta isa ga yaron ruga. Ban ji wanda ya kira wannan ƙabilanci ba.

Abin da nake nema bai kai gina ɗakin tiyata a Danwarai ba. Tun 1988 wani babban gwaji da aka yi a kan mutum sama da 17,000 ya nuna ƙwayar asfirin kaɗai tana rage mace-macen makonnin farko da kusan kashi 23, allurar streptokinase da kashi 25, in an haɗa su kashi 42. Asfirin bai kai kuɗin goro ba. Amma ka ga ɗaurin da ke ciki: da zarar an rubuta olsa, asfirin shi ne abu na farko da ake hana majinyaci, don yana tsokanar gyambon ciki. Kuskuren suna ɗaya yana rufe ƙofa biyu. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an haɗa ƙananan asibitoci 35 da manya 4, ana tura zanen ECG ta waya ƙwararre ya karanta, a yi allura a ƙauye sannan a wuce da majinyaci, inshorar jihar ta ɗauki nauyin talaka. Mace-macen shekara guda suka sauko daga kusan kashi 18 zuwa 14. Mu ma muna da waya, muna da WhatsApp, muna da likitocin zuciya a Sakkwato. Kashi 5 na asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta kafa, an ware shi ne don agajin gaggawa. A sa ECG mai aiki a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma. Kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega ta riƙa neman yara masu jin Fulatanci da Zabarmanci. A koya wa masu kemis cewa saman ciki da gumi ga dattijo ba kullum ne olsa ba. Jami'ar da ke Aliero kuma ta sa ɗalibanta su kakkaɓe fayilolin nan su ƙirga, mu ga ko ni ne na yi kuskure.

Ɗan Baffa, wanda ya yi tafinta a ranar, shi ke riƙe da garken yanzu, ya haura shekara 40. Bara na haɗu da shi a kasuwar Jega, muka gaisa, muka yi wa mahaifanmu addu'a. Har zan wuce sai ya riƙe hannuna, ya tambaye ni ko olsar da ta kashe mahaifinsa ana gadonta, don shi ma kwanakin nan in ya bi shanu ya hau tudu saman cikinsa riƙewa yake, in ya tsaya ya sake shi. Na ce masa ya shiga mota yanzu mu tafi Birnin Kebbi. Ya yi murmushi, ya ce da sauƙi, bari ya sayar da ɗan maraƙi kasuwa mai zuwa.